Rabin Bandirin Alawayyo

Kwanana tara a Madina na fara ganinsa. Na hau saman bene da hantsi zan shanya wanki, sai idona ya faɗa kan rufin gidan da ke bayan namu. Wani farin yadi ne dogo, an ja shi a kan igiya, an dawo da shi, an sake ja, har sau huɗu, iska tana kaɗa shi a hankali. Farin nasa ya fara komawa ruwan madara. A ƙarshen igiyar an rataye wata kwat ta kaki mai maɓallan ƙarfe, da jar hula. Gefe guda wani tsoho ne a tsaye, dogo, siriri, ya miƙe sambal, hannuwansa a baya. Bai taɓa yadin ba, bai kuma waiwayi kowa ba. Gadinsa yake yi.

Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu har ruwansa ya tsiyaye mini a ƙafa.

Shekarata goma sha tara a lokacin. Daga Kano aka kawo ni unguwar Ranuna, kusa da Ƙuba, gidan mijina, ɗan ƙanwar kakata. Shi a Madina aka haife shi, haka ma mahaifinsa, yana aikin sauke kayan alhazai a filin jirgi. Cikin akwatunan aurena akwai guda wanda babu zane ko ɗaya a ciki, littattafan soyayya ne na kasuwa shaƙe da shi, waɗansu ma duk bangonsu ya cire. A cikinsu na koyi duniya. Na yi imani babu wanda yake tsayuwa shi kaɗai yana kallon farin yadi sai wanda so ya yi wa rauni, kuma har yau ban janye wannan magana gaba ɗaya ba.

Da mijina ya dawo aiki na tare shi da tambaya tun bai cire takalmi ba.

"Ah, shayib ɗin nan?" in ji shi. Hausarsa rabi Larabci ce. "Askari ne, sojan Faransa. Tun jaddina, kakana ke nan, yana raye yake nan. Wancan kuwa kafan ɗinsa ne, likkafani. Duk shekara sai ya sha masa iska."

Surukata ce ta cike mini sauran. Mutumin Damagaram ne. Yana saurayi Nasara suka ɗauke shi soja, suka haye teku da shi, ya yi musu yaƙi a ƙasarsu, ya dawo da ransa. Daga baya ya taho Hajji a ƙasa, bai sake komawa ba. Da can kusa da Harami yake zaune, da aka rushe unguwarsu don faɗaɗa masallaci ya dawo Ranuna. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa ɗaya ce, ita ma ta yi jikoki, tana Yanbu wajen ɗanta mai aiki a matatar mai. Gidajen layinmu ne suka raba abincinsa a tsakaninsu, kuma ranar Talata tamu ce.

Talatar farko na sa abayata, na ɗauki kwanon tuwo da miyar kuka na bi surukata. Muka same shi a tsakar gida a kan kujerar ƙarfe, bayansa bai taɓa majingina ba.

"Wa kika kawo mini?" ya tambaye ta.

"Amaryarmu ce, Baba. Daga Kano."

"Taku? Tawa dai. Yaron nan ajiya na ba shi, ki gaya mishi zan zo in karɓa."

Na rufe baki da gefen mayafi. Na ce, "Kaka, ai ka tsufa da amarya."

"Ji ta! Tsufa? Mutum huɗu na ba wasiyyar wankan gawata, ɗaya bayan ɗaya, duk ni na raka su. Na biyar ɗin da na je mishi da maganar, roƙona ya yi in rufa mishi asiri in nemi wani."

Surukata ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar ni ce amarya, shi ne angona, Talata kuma ta zama ranar da nake jira.

Babu wanda ya san shekarunsa. Ya ce akwai abin da takardar soja ta rubuta, amma ita ma wani likitan Nasara ne ya buɗe masa baki, ya dubi haƙora, ya faɗi abin da ya ga dama. Ƙafarsa ta hagu yatsu uku ne. Kunnensa ɗaya ya mutu tun can, sai ka zagayo dama. In ya ga yara sun cika surutu a ƙofar gida sai ya daka musu tsawar soja, "Gardabu!" su ƙame suna ƙyalƙyala dariya. Labarin yaƙi kuwa ba ya ba da shi yadda nake so. In na matsa sai ya ce, "Sanyi ne da yunwa da laka, amarya. Sai kuma ƙara. Mutum yana kusa da ke kuna magana, ki juyo babu shi." Sai ya ɗauko zancen tsadar tumatir.

Wata Talata na tarar ya buɗe wani gwangwanin alewa yana neman katin asibiti. A ciki na hango lambobin ƙarfe biyu masu ɗaurin ƙyalle, da takardun da suka yi laushi don ninki, da hoto guda. Na roƙa ya miƙo mini. Shi ne, yana saurayi, zaune a bakin gado da jar hularsa, kyakkyawa kamar a sace. Tsaye a gefensa wata Baturiya ce cikin fararen kaya, ta ɗora hannu a kafaɗarsa, tana murmushi.

Na ce, "Kaka, wace ce wannan?"

"Madam ce," in ji shi. Ya karɓe hoton, ya rufe gwangwanin.

Abin da ya faɗa ke nan, amma kafin in kai ƙofar gidanmu na gama rubuta littafin a kaina. 'Yar babban gida ce. Ta yi jinyarsa, so ya shiga. Iyayenta suka ƙi. Ranar da jirgin ruwa zai tashi ta tsaya a gaɓa cikin ruwan sama, ta yi masa alkawarin za ta neme shi ko a ina yake. Har na san kalar hankicin da ta ɗaga.

Sai kuma na sami abin da na ɗauka hujja ce. Surukata ta gaya mini cewa tsohon nan ya fi shekara arba'in bai fita daga Madina ba. Ko Umra ba ya zuwa. An yi auren jikokinsa a Yanbu, bai je ba. An taɓa aiko masa daga Jidda cewa Faransawa na son karrama mazan jiya, ya ce su karrama shi daga nesa. Ita ta ce tsoron mutuwa a wajen gari yake yi, don tsofaffi da yawa burinsu ke nan, ajali ya same su a Madina a sa su a maƙabartar Baƙi'a. Ni kuwa na ce a raina, surukata ba ta karanta littafi ba. Madina ce adireshin da ya bar wa Madam. Wa zai motsa daga inda aka ce a jira shi?

Da na bar abin a cikina da sauƙi. Amma a wani taron suna na ba mata uku labarin, na kuma ba da shi da kyau, da ruwan saman da hankicin. Kafin wata ya zagayo, wata 'yar Cadi mai sayar da turaren wuta ta ba ni labarin nawa, har an ƙara masa ɗa namiji a Faransa. Surukata ta kira ni ɗaki.

"Ke yarinya, ki kama bakinki. Mutumin nan sa'an kakanki ne."

Na ce to. Amma ban daina yarda ba.

Shekara uku muna haka. Na haifi 'yata ta fari, shi ya tauna mata dabino. Kullum bayan La'asar wani maƙwabci mai tasi yakan sauke shi a ƙofar Baƙi'a, ya dawo da shi kafin Magariba. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba, tsofaffi da ziyara.

Sai aka bugo waya daga Yanbu. 'Yarsa ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye. Likitoci sun ce ba ta ɗaukar tafiya. Bakinta ya karkace, amma abin da ake iya ji a maganarta ɗaya ne, a kawo mata babanta.

Jikansa ya zo da mota tun daga can, ya durƙusa a gabansa. "Ya jaddi, awa uku ne kawai. Ka gan ta, in dawo da kai yau ɗin nan."

"Ka gaishe ta. Ka ce ina mata addu'a."

Limamin unguwa ya je, ya dawo. Mijina ya je, ya dawo yana huci. "Halas, shayib ɗin nan kansa dutse ne." Mata suka fara magana a kan layi, wasu har suna cewa wane irin uba ne wannan. Jikan ya kwana biyu ya koma shi kaɗai, ya ce jikin nata kullum baya yake yi.

Ranar Talata na kai abinci ni kaɗai, raina a ɓace. Na dire kwanon da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

"Yau amaryar tawa da yaji ta zo," in ji shi.

"Kaka, ba wasa na zo yi ba. 'Yarka tana kiranka. Ita waccan da kake jira, shekara nawa yanzu? In da za ta zo ai da ta zo. Ƙila ma ta mutu."

Ya juyo da kunnen dama. "Wa nake jira?"

"Madam."

"Wace Madam?"

"Ta cikin gwangwani. Wadda ta ce ka jira ta."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na ba shi ruwa.

"Ashe ke ce! Ni fa na ga matan layin nan suna mini wani irin kallo, har mai turaren nan ta ƙara mini kyauta. La ilaha illallahu. Amarya, matar nan ko sunanta ban sani ba. Ita ta riƙe ni lokacin da likita ya yanke mini yatsun nan biyu da ƙanƙara ta cinye. Ta fi kofur ɗinmu faɗa. Ranar da za a sallame mu aka zo da mai hoto, kowa na ɗakin sai da aka ɗauke shi da ita. Na ajiye ne don in riƙa tuna na taɓa yin gashi."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na sunkuyar da kai ina murza gefen abaya.

"Zauna," in ji shi. "Tunda labarin so kike nema, bari in ba ki na gaske. Ba shi da daɗin naki."

Na zauna a bakin tabarma.

Ya ce da ya dawo daga yaƙi ba mutum ba ne. Ba ya barci, ba ya son taro, in aka buga ganga sai ya nemi ƙarƙashin rumbu. Mutanen garinsu suka ce Nasara sun taɓa masa kai. Wata yarinya mai kawo nono kasuwa ce kaɗai ba ta gudunsa. In ta same shi a ɓoye sai ta ajiye ƙwaryarta ta zauna nesa kaɗan, ba ta cewa komai, har ya fito. Ita ya aura. Ita ce kuma ta ce su tafi gabas, ƙila a can zuciyarsa ta kwanta.

"Shekara shida muna hanya. Mun yi noma a Cadi, mun tsinci auduga a Sudan. 'Ya'ya biyu muka binne a hanya, ɗaya ma ba zan iya nuna miki garin ba. Wannan ta Yanbu a bayanta ta haye teku. Ni soja ne, na san tafiya, amma wallahi ita ke ja, ni ke bi."

Da suka iso Madina, kuɗin farko da ya samu a aikin ɗiban ruwa, ita ta ce a sayi bandirin alawayyo. Suka kai shi Makka suka wanke da Zamzam, suka dawo ta ninke ta ajiye. Bayan 'yan shekaru zazzaɓi ya kama ta. Ana gobe za ta rasu ta sa ya ɗauko bandirin, ta ce a raba biyu, rabi nata, rabi nasa.

"Ta ce mini, malam, mun bar yara a daji, kowa shi kaɗai. Ni kada ka bar ni ni kaɗai a garin mutane. Inda aka sa ni, nan za a sa ka. Na ce na yi alkawari."

Ya ce a Baƙi'a ba a rubuta suna, dutse ne kawai a kan kowa, duk iri ɗaya. To shi ranar da aka kai ta, da kowa ya watse, sai ya koma bakin ƙofa ya auna da takun soja. Daga ƙofar yanzu, ɗari biyu da goma sha ɗaya ne, sannan a juya hagu, taku tara. Da aka yi gyara aka canja ƙofa, sati guda ya yi yana sake awo har ya daidaita.

"Kullum ina zuwa in yi mata sallama. To gaya mini, amarya. Na fita, ajali ya tare ni a Yanbu, suka sa ni a ƙasar gishirin bakin tekun can. Me na yi ke nan? Shekara arba'in ina gadi, in bar wurin aiki saura kaɗan a canje ni?"

Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba. Duk akwatina babu labarin da ya kai wannan. Amma ina cikin kukan wani abu ya tsaya mini a rai, kuma littattafan nan nawa da ake rainawa su suka ba ni bakin faɗarsa. Na san yadda mace take magana in an daɗe ba a haɗu ba. Na karanta shi sau ɗari, na kuma zama uwa.

Na share hawaye na ce, "Kaka, in faɗi wata magana?"

"Da izini kika faɗi ta Madam?"

"In Allah ya haɗa ku, kana jin abin da za ta fara tambayarka shi ne taku nawa? Wallahi a'a. Cewa za ta yi, malam, ina yarinyar da na goyo muka haye teku? Sai ka ce mata, ta kira ni tana kwance, ban je ba, ina gadinki. Matar da ta mutu tana kukan an bar mata yara su kaɗai a daji. Ni dai in ni ce, ba zan yi maka magana ba."

Fuskarsa ta canja. Na tsorata, na ɗauka zai daka mini tsawar nan tasa. Ya ɗora hannuwansa a gwiwa yana kallon bango. Na tashi na fita, ko kwanon makon jiya ban ɗauka ba.

Washegari da sassafe, mijina yana shan shayi zai fita aiki, aka buga ƙofa da sanda. Kaka ne, cikin kwat ɗin kaki a kan farar jallabiya, da jar hula, lambobin nan biyu a ƙirji. A hammatarsa ƙunshin alawayyo.

"Kai, ɓarawon amarya. Motarka tana da mai?"

Mijina ya buga waya wurin aiki ya nemi hutun kwana ɗaya. Ni ma na ce sai na je, surukata ta karɓi yarinya. Kafin Kaka ya shiga mota sai da ya tsayar da mu a bakin titi ya ba da oda.

"Ku saurara. In na mutu a hanya, ba kuka, ba tsayawa, ba gaya wa kowa. Ka juya mota. Ke kuma ki gyara mini hula, ki riƙe ni in zauna sosai. Sai mun shigo iyakar Haramin Madina sannan ku lura na mutu. Kun ji?"

"Ya ammi, haram, za ka sa a kama ni," in ji mijina.

"An kama waɗanda suka fi ka. Tayar."

Da muka kusa allon da ke nuna ƙarshen iyakar Harami, ya ce a rage gudu. Ina zaune a baya, ina ganin wuyansa. Ya ɗaga hannun dama ya sara, irin na soja, wajen gari, leɓunansa suna motsi. Muka wuce allon. Ya sauke hannu, ya ja dogon numfashi, ya taɓa ƙirjinsa kamar mai duba aljihu.

"To," in ji shi. "Ina nan dai."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya yi ta mamakin faɗin titi, ya ce wannan duwatsun a ƙasa suka ratsa su, ƙafarta duk ta fashe. Ya sa muka tsaya ya sayi kankana. Da teku ta bayyana daga nesa, da dogayen bututun matata suna fitar da wuta, sai ya ƙura mata ido. Ya ce rabonsa da ganin ruwa mai yawa haka tun ranar da suka sauka daga jirgi.

'Yar tasa tana kwance a falo an kafa mata gado. Tsohuwa ce mai furfura, ta girmi uwata. Da ta gan shi a bakin ƙofa sai ta fara ƙoƙarin tashi, ta kasa. Ya taka ya isa gare ta ba sanda, ya zauna a bakin gadon, ya ɗora hannu a goshinta.

"Ɗiyata. Ga ni. Wa ya ce ki riga ni kwanciya? Ba a yi haka da ke ba."

Ta kama hannun kwat ɗin da hannunta mai lafiya, ta riƙe. Bakinta yana motsi, ba ma gane abin da take faɗa, shi kuwa yana ta amsawa, "Na'am. Haka ne. Na sani." Muka fita muka bar su.

Da La'asar mijina ya leƙa ya ce lokaci ya yi in za mu isa da haske. Kaka ya ce mu tafi, shi yana nan. Mijina ya dube ni, na dube shi.

"Kaka, alkawarin fa?" na tambaya a hankali.

"Na nemi izini a bakin allo. Ku tafi."

Kwana goma sha shida ya yi a Yanbu. Duk wayar da ta yi ƙara a gidanmu sai gabana ya faɗi, don na san in ya mutu a can, bakina ne ya kai shi. Na yi azumi, na yi sadaka, na daina taɓa littafi. A rana ta goma sha biyar aka bugo. Ita ce ta rasu, da hantsi, kanta a kan cinyarsa. Jikan ya gaya wa mijina cewa da mata suka zo wanka, tsohon ya kwance ƙunshinsa ya miƙa musu. Aka ce masa akwai likkafani, an tanada. Ya ce a'a, wannan ɗaya rabin bandirin da aka rufe uwarta da shi ne, a sa mata, kada ta kwanta ita kaɗai a garin mutane.

Kaka ya dawo hannu wofi, mijina ne ya je ya ɗauko shi. A mota ya ce a wuce da shi Baƙi'a kafin gida. Ni da surukata muka tare su a can, muka tsaya a bakin katanga inda mata suke tsayawa, muna leƙe ta tsakanin ƙarafa. Na gan shi ya shiga, ya tsaya, ya daidaita ƙafafu, ya fara taku. Na bi shi da ƙirga har jar hular ta ɓace mini a cikin mutane. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito na ce, "Kaka, me ka ce mata?"

"Rahoto na kai. Tsakanin soja da babbansa ne, ba ruwan amarya."

Matan layi kuwa sai da na bi su gida gida na warware labarin Madam. Mai turaren wuta ba ta ji daɗi ba, ta ce nawa ya fi.

Bai sake sayen alawayyo ba. In aka yi masa maganar sai ya ce wanda ya ciyar da shi shekara kusan ɗari ba zai rasa yadin rufe shi ba. Rufin gidansa ya zama wurin shanya barkono. Shekarar da ta biyo baya ya bi mu Umra, aka tura shi a keke, yana ta yi wa mai turawar faɗa wai ba ya tafiya a layi.

Ya ƙara shekara takwas. Na haifi uku a gabansa, idonsa ya tafi, amma bayansa bai taɓa majingina ba. Wata Talata da walaha na shiga da kunu na same shi a kan kujerar ƙarfen, hular tana kan gwiwarsa. Na yi sallama ta kunnen dama sau biyu. Sannan na ajiye kofin, na sa masa hular, na daidaita ta, na je na kira surukata.

An yi masa salla a Harami bayan Azahar, aka sa shi a Baƙi'a cikin farin yadi irin na kowa. Ba a zaɓen wuri a can, inda aka haƙa ranar nan ake sa mutum, nasa ya faɗo can ciki, a sabon ɓangare. Tun da safe na roƙi mijina abu ɗaya, kuma ya yi mini. Da mutane suka watse ya koma ƙofa, ya yi ɗari biyu da goma sha ɗaya, ya juya hagu ya yi tara, daga nan ya auna zuwa sabon kabarin.

Ya same ni a bakin katanga, duk ya yi gumi. "Da nisa fa," in ji shi. "Ɗari huɗu da sittin. Kuma takuna bai kai nasa ba."

Na ce masa ba komai. Mutumin da ya biyo matarsa tun daga Damagaram, wannan ba zai gagare shi ba.